Masu Gadin Saba a Garin Gwamna

Ranar 14 ga Mayu, 2025, a hedikwatar JAMB da ke Bwari, Farfesa Ishaq Oloyede ya share hawaye a gaban 'yan jarida. An kwashe kwanaki iyaye da ɗalibai suna kururuwa cewa makin da aka fitar ba nasu ba ne, domin cikin ɗalibai kusan miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shugaban hukumar ya amsa cewa an samu tangarɗa a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, kuma ɗalibai 379,997 sai sun sake zama.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda sunan Kaduna ya fito cikin bayanin. JAMB ta kasa aikin jarrabawarta gida biyu, ɗaya ta laƙaba masa KAD, wato Kaduna, ɗayan kuma LAG, wato Legas. An yi wa manhajar jarrabawar wani gyara da ya shafi yadda ake cuɗanya zaɓin amsoshi. A ɓangaren KAD gyaran ya shiga lafiya. A ɓangaren LAG kuwa, ma'aikatan wani kamfani da ke yi wa hukumar aiki sun tsallake wasu na'urori ba su saka musu shi ba. Iyakar labarin ke nan. Babu ɗan kutse, babu gobara, babu tsawa. Masu wannan sana'a suna kiran irin wannan gyara faci, kalmar da mai gyaran taya a bakin tashar Kawo yake cin abinci da ita. Wasu sun yi facinsu, wasu sun bar nasu, yara kusan dubu 380 suka kwana a ciki.

Na'urorin da ake magana su ne saba. Masu son Hausa tsantsa kan ce uwar garke, kuma sunan ya dace, amma a bakin jama'a saba ta zauna, musamman tun shari'ar zaɓen 2019, lokacin da Atiku Abubakar ya ce akwai sakamako a sabar INEC, hukumar ta ce ba ta san wannan zance ba, har mai shayi ya zama yana da ra'ayi a kai. Saba kwamfuta ce da ba a zama a gabanta. Tana can cikin dogon akwatin ƙarfe a wani ɗaki a kulle, tana amsa kiran sauran kwamfutoci da wayoyi dare da rana. Duk ran da ma'aikaciyar banki ta ɗago kai ta ce maka babu netwok, ka dawo anjima, to ko sabar ce ta kwanta, ko hanyar zuwa gare ta ta yanke.

Kaduna gari ne da fayil ya gina. Tun da Turawan mulki suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dasa ta nan a 1917, arzikin wannan gefe na kogin takarda ne: akawu ya rubuta, masinja ya ɗauka, rajista ta ajiye. Masaƙu suka tafi Kakuri, matatar mai ma tana can kudu. Arewacin kogi ya riƙe Lugard Hall da sakatariya da Gidan Sir Kashim da barikoki, daga baya bankuna suka yi layi a titin Yakubu Gowon da na Ahmadu Bello. Har gobe, a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, mai bincike zai iya neman fayil ɗin wani Razdan na zamanin Turawa a ɗauko masa ya karanta.

Daga 2015 fayil ya fara ƙaura. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta rufe ɗaruruwan asusun ma'aikatu ta tattara kuɗin a asusun bai-ɗaya. Aka kafa hukumar KADGIS, wadda ofishinta ke titin Ali Akilu, aka mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta. Dokar haraji ta 2016 ta hana karɓar kuɗin gwamnati hannu da hannu, sai ta banki da na'ura, kuma kuɗin shigar da jihar ke tarawa, da bai kai naira biliyan 15 ba a 2015, ya haura biliyan 50 a 2020. Ranar 12 ga Mayu, 2018, Kaduna ta zama jiha ta farko a Najeriya da ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'urar kaɗa ƙuri'a. Ko mutum yana son siyasar wancan zamani ko ba ya so, abu ɗaya ya tabbata: shaidar mallakar gidansa, da albashinsa, da rasit ɗin harajinsa, da rajistar ɗansa a Jami'ar Jihar Kaduna, duk sun koma zama a wuri irin wanda aka manta a yi wa faci a JAMB. A da, in akawu ya ɓatar da fayil, mutum ɗaya ne ya shiga uku. Yanzu in saba ta mutu ba a shirya ba, kamar rajistar ce gaba ɗaya ta kama da wuta.

Wuta, zafi da ƙura

Littattafan koyon sana'ar, waɗanda akasari a Amurka da Turai aka rubuta su, da ɗan kutse suke fara tsoratar da ɗalibi. Mai kula da saba a Kaduna kuwa da NEPA yake fara gaisawa kowace safiya. Saba ba ta son a ɗauke mata wuta tana tsakiyar rubutu, domin hakan na iya lalata bayanan da take ajiyewa ko ma faifan kansa. Shi ya sa ake jera mata matakai: wutar Kaduna Electric, sai janareto, sai batura da inbata da za su riƙe ta a 'yan daƙiƙun da janareto ke ɗauka kafin ya tashi, masu hali kuma su ƙara da sola. Kowane mataki da irin halinsa. Batir yana tsufa shiru ba ya faɗa, sai ranar da aka neme shi a tarar minti biyu kawai ya rage masa.

Masu cibiyoyin bayanai suna auna kansu da wani lissafi. In aka ce saba tana aiki kashi 99.9 cikin ɗari, ana nufin a shekara guda ba za ta tsaya fiye da kimanin awa tara ba. To a ɗora wannan a kan Oktoban 2024. An lalata turakun babban layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa tashar Mando, sannan ranar 21 ga watan layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda aka dogara da shi a madadin, shi ma ya faɗi. Kaduna da Kano da yawancin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. A watan Mayun 2021 ma, da ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki a jihar, ma'aikatan lantarki sun kashe wa garin wuta na kwanaki. A irin waɗannan ranaku tsaron bayanai yakan koma tambaya ɗaya: lita nawa ta rage a tankin dizal, kuma wa zai sa hannu a sayo wani cikin dare? Ko ranar da wutar take nan, ba arha ba ce. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kan kowane yunit, ɗakin da na'urar sanyaya shi ba ta hutawa ya zama abin da akanta ke kallo da jan ido.

Sanyin kuwa dole ne. Ana son iskar da ke shiga saba ta tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 27, a garin da bazarar Maris da Afrilu ke sa kwalta ta yi laushi. In esi ya mutu ranar Juma'a da yamma, kowa ya tafi gida, kafin safiyar Litinin na'urori sun dafu. Hunturu na shigowa da ƙura mai laushi kamar garin alkama, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta toshe fankoki. Damina ta zo da tsawa, wadda ke bin waya ta shigo har cikin akwati in ba a binne ƙarfen da zai sauke ta ƙasa yadda ya kamata ba. Batura su ma makami ne mai kaifi biyu. A Satumban 2025 gobara ta tashi daga baturan cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ayyukan gwamnati sama da 600 suka tsaya, kuma wani rumbun takardun ma'aikata mai terabayit 858 ya ƙone ba shi da kwafi a ko'ina. Koriya ce fa, ƙasar Samsung. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai hanya. Intanet ɗin Kaduna ta bakin teku take shigowa, ta Legas, sannan ta biyo wayar fayiba da aka binne a gefen titi har Arewa. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka yanke a yankin Kwaddebuwa, manhajojin bankuna da dama suka dinga juyawa ba sa buɗewa, mai POS a Kasuwar Sheikh Gumi ya sha zagin da ba laifinsa ba. A cikin gari kuma katafila ce abokiyar gaba. Jihar ta yafe wa kamfanonin sadarwa kuɗin izinin shimfiɗa waya a 2020, abin a yaba, amma shekarun nan ne kuma aka yi ta tone titunan garin ana faɗaɗa su, kuma haƙorin katafila bai san fayiba ba. Ofishi mai hankali yakan ɗauki layi biyu daga kamfanoni biyu. Ofishi mafi hankali yakan tambaya ko layukan biyu rami ɗaya suka bi.

Wasu sun ce a huta da duk wannan wahala, a kai komai girgije, wato a yi hayar saba a cibiyoyin Amazon ko Microsoft ko Google. Akwai hikima a ciki, don su ba su san ɗaukewar wuta irin tamu ba. Sai dai da dala ake biyansu, kuma dalar da take wajen naira 460 a Mayun 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Wanda ya yi kasafi da tsohon farashi ya ga ta kansa. Ga hukumomin gwamnati akwai Galaxy Backbone, mai cibiya a Abuja da wata a Kano da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Ko ina aka kai kayan, mabuɗin yana hannun mai shi, kuma nan ne maganar ta fi tsami.

Da ɗan gari akan ci gari

Kutse daga waje gaskiya ne. Farfesa Isa Ali Pantami, yana ministan sadarwa, ya ce an yi yunƙurin kai hari kusan sau miliyan 13 a kan shafuka da na'urorin Najeriya a kwanakin zaɓen shugaban ƙasa na 2023. A Disamban 2024 aka kutsa shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ya yi makonni a rufe. Amma kada adadin ya ruɗi mai karatu. Duk sabar da aka haɗa da intanet, cikin ɗan lokaci za a fara ƙwanƙwasa mata ƙofa, kuma yawanci ba mutum ba ne ke ƙwanƙwasawa, manhajoji ne da ke bin gida gida suna taɓa kowane kwaɗo ko za a dace da wanda aka bari a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsagar farko ita ce facin da aka ƙi yi. Manhajar WannaCry da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017, har asibitocin Ingila suka dinga mayar da marasa lafiya gida, ta wata kafa ta shiga wadda Microsoft ta riga ta fitar da facinta tun watan Maris. Windows Server 2012 ta daina samun faci a Oktoban 2023, Windows 10 kuma a Oktoban 2025, kuma duk mai shiga ofisoshi ya san tsofaffin na'urori ba su ƙare ba. Sai dai shi ma facin ba a yi masa gaggawa. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gyara mara kyau daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi. Gwani yakan gwada faci a kan na'ura ɗaya tukuna, ya ga ta kwana lafiya, sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya da takarda a hannu yana cankewa. Wannan takardar, a ganina, ita ce aka rasa a ɓangaren LAG.

Tsaga ta biyu ta fi kunya, don halinmu ce. Mu mutane ne masu kara. Oga ya ba sakatare kalmar sirrinsa don ba ya son wahalar shiga da kansa. Ɗan bautar ƙasa ya gama shekararsa ya tafi, sunansa yana nan a cikin na'ura da cikakken iko. Ɗan kwangilar da ya kafa sistem ɗin shekara biyar da suka wuce har yau yana iya shiga daga gidansa, wani lokacin ma shi kaɗai ke da babban mabuɗin, sai an roƙe shi. Ka ce za ka rufe wa wani babba hanyar da ba ta shafi aikinsa ba, a ce ka raina shi. Alhali ƙa'idar sana'ar ita ce kowa a ba shi mabuɗin ɗakinsa kawai, wanda ya bar aiki a karɓe nasa a ranar, kuma duk mai babban iko a ƙara masa kwaɗo na biyu, irin lambar da ake turo wa waya. A 2024 aka bankaɗo shafukan da ke sayar da bayanan lambar NIN ta 'yan ƙasa, wani a kan naira 100 kacal, kuma muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga waɗanda aka ba izinin duba bayanan da yadda izinin ya zarce inda aka nufa. Ga ofishin da ke riƙe da rajistar filaye ko jerin albashi, mutum ɗaya na ciki da zai iya canza suna ko lamba ba tare da an ga sawunsa ba ya fi dubun 'yan kutse haɗari.

Akwai kuma garkuwa da bayanai. Ga mutumin Kaduna wannan ba ya buƙatar dogon bayani: a shigo, a kulle maka komai, a yanka maka kuɗin fansa. Maganinsa ajiya ce, maganin wata rana. Kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gini dabam, zai fi kyau a wani gari, kuma ba a haɗe da netwok ɗin ofis ba, don masu garkuwa kwafin suke fara nema. Doka ma ta shigo cikin zancen. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba wanda aka yi wa ɓarna awa 72 ya sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC in abin zai iya cutar da masu bayanan, kuma tarar manyan ma'aikatu tana iya kai kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara. Amma ta yaya za ka ba da rahoton abin da ba ka ma san ya faru ba?

Nan aikin sa ido ya shigo, kuma shi ne ya fi kama da aikin mai gadi na gaske. Kowace saba tana rubuta rajistarta da kanta: wa ya shiga, ƙarfe nawa, daga ina, me ya taɓa. Akwai manhajoji irin su Zabbix da Nagios da Wazuh, kyauta ake samunsu, da ke tattara wannan su zana a allo, su turo saƙo in faifai ya kusa cika, ko ɗaki ya yi zafi, ko an gwada kalmar sirri sau ɗari da ƙarfe uku na dare, ko akanta da kowa ya gan shi a masallacin Sultan Bello ya bayyana yana shiga daga wata ƙasa. Wahalar ba a manhajar take ba. Mai gadin da karensa ke haushi kan kowane ganye yakan daina fitowa, haka wanda wayarsa ke ƙara sau ɗari biyu a rana yakan kashe mata murya. Gwaninta ita ce a tace ƙararrawar har ta zama in ta buga to da dalili, a kuma san takamaimai wanda zai tashi daga barci, da lambar wanda zai kira in abin ya fi ƙarfinsa. Bankuna suna da ɗakunan da ake zama ana wannan gadi dare da rana, don Babban Banki ya ɗora musu ƙa'idojin tsaro tun 2018. Asibiti mai zaman kansa a Unguwar Rimi ko makaranta a Malali fa? Sau da yawa yaro ɗaya ne, shi ne mai saba, shi ne mai gyaran firinta, shi ake kira in wayar Hajiya ta ƙi buɗe WhatsApp.

Ba hazaƙa aka rasa ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da jami'ar jihar da ABU a nan kusa suna yaye matasa kowace shekara, kuma da yawansu a YouTube suka ƙarasa koyon Linux da kuɗin datarsu. Matsalar ita ce aikin da in an yi shi da kyau ba a ganin komai. Sayen sababbin na'urori akwai kwangila, akwai yanka kyalle, akwai hoto a jarida. Canza batir, sabunta lasisi, tura ma'aikaci kwas, waɗannan su ake fara sokewa in kasafi ya matse. Wanda ya gware kuwa Abuja tana nan, tafiyar 'yan sa'o'i a jirgin ƙasa daga Rigasa, ko ya zauna a ɗakinsa a Badarawa yana yi wa kamfanin waje aiki ana biyansa da dala. Ya tafi da duk abin da ya sani a kansa, don ba a taɓa ba shi lokacin rubuta shi ba.

Kwanakin baya na raka wani abokina wani ofishi a tsakiyar gari, ba zan kama suna ba, mun je karɓar wata takarda aka ce saba ta faɗi. Da zaman ya yi tsawo, matashin da ke kula da ita ya ji ina tambaya, sai ya ce in zo in gani. Tsohon sito ne aka mayar ɗakin. Esi ya mutu tun kafin azumi, ya rubuta takarda sau biyu, an kawo masa fanka mai tsayuwa. Ya manna jadawalin facinsa a bango da biro, kowane wata a canke, ba tsallake. Na tambaye shi kwafin ajiya, ya nuna mini wani ɗan faifai da ya saya da kuɗin aljihunsa, yana kwafe komai a kai duk ranar Alhamis. Faifan yana ajiye a saman akwatin sabar, a jone da ita, kusa da batura. Ya san bai kamata ba, ya riga ni faɗa. Ya taɓa neman izinin ajiye shi a wani reshe nasu, aka ce kayan ofis ba sa fita sai Oga ya sa hannu, kuma fayil ɗin neman izinin yana kan teburin Oga.